Ganga Mai Sunana

Kafin ku fara yi mini wa'azi a ƙasan wannan rubutun, ku tsaya ku ji yadda aka yi. Na san abin da ke bakinku: mace mai shekara ashirin da bakwai, da digiri biyu, da saurayin da ke sonta kamar ya haɗiye ta, me ya hana ta kai shi gidansu har shekara uku? Ba kunyar gidanmu nake ji ba, kada ma wani ya fara. Ba kuma wani namijin ne a raina ba. Ganga ce. Wata 'yar gangar katako da zan iya rungumewa da hannu biyu, tana kwance a ɗakin sama na gidan ubana, an rubuta sunana, OTTAVIA, da alli a goshinta.

Ranar Asabar da safe muka bar Torino, ni da Leandro da mahaifiyarsa, Sinyora Delfina. Shi ya tsara tafiyar. Wai kyautar cikar mamansa shekara sittin ce: kwana ɗaya a kan tsaunin Montarso, a ci, a sha, a dawo.

"Yawon ci da sha ne kawai, Otta," in ji shi. "Mama ta daɗe tana jin labarin taliyar garinku. Masauki za mu sauka, mu leƙa iyayenki mu gaisa kamar mutanen kirki. Shi ke nan."

Na rasa ƙaryar da zan ƙara yi. Na yi ta aiki, na yi ta mura, na yi ta gyaran gida. Sai na ce to.

Na saka baƙin wando da rigar ulu ruwan toka, na ɗaure gashina tamau a baya, na zura takalmi mai tsini duk da na san titunan garinmu duwatsu ne zalla. Da gangan na yi. In dai zan shiga Montarso, gara a ji takuna tun daga ƙofar gari. Sinyora Delfina kuwa ta hakimce a kujerar gaba cikin kwat ruwan madara da sarƙar lu'ulu'u zagaye biyu, turarenta ya cika motar har yana hawa kai.

Muna wuce Firenze wayata ta fara rawa a cinyata. Mama ce.

*Kun kusa?*

*Babanki ya je aski.*

*Ya sa na goge masa farar rigar nan ta bikin Ista.*

Na rubuta: *Mama, gaisuwa kawai za mu zo yi.*

*Eh mana. Gaisuwa.* Ta jera mini zuciya uku jajaye.

Sai na ƙarshe ya shigo: *Sau uku yana hawa sama tun safe. Yanzu ma guduma yake nema.*

Na kalli ƙeyar Leandro. Yana tuƙi yana fito, kunnuwansa sun yi ja.

To, bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba.

A garinmu duk gidan da ke ji da kansa yana da giyar zaƙi tasa. Ana rataye farin inabi a ƙarƙashin rufi tun kaka har ya yamutse, a matse shi a watan Disamba, a zuba ruwan a ƙananan ganguna, a toshe da siminti, a manta da shi shekaru. Amma sirrin ba a inabin yake ba. Yana gindin ganga: wata baƙar laka mai kauri da ake bari duk lokacin da aka kwashe giya, a zuba sabon ruwa a kanta. Iri muke ce mata. Namu, kakata Assunta ce ta zo da shi cikin kayan aurenta a bayan jaki, ita ma daga kakarta ta gaje shi. Kuma al'adar gidanmu ce, shekarar da 'ya ta bar gida, ita za ta cika gangarta da hannunta, uba ya toshe, ba za a buɗe ba sai ranar da namiji ya zo neman aurenta.

Ina shekara goma sha tara, wata uku da fara karatun ilimin inabi a jami'a, na dawo hutun Kirsimeti kaina cike da littafi. A teburi, gaban baƙi, na ce malaminmu ya ce tsohuwar lakar nan ce ke lalatar da ganguna, gara a wanke a sa yis mai tsabta. Baba ya ajiye cokali, ya yi dariya har da hawaye.

"Ku ji Farfesa! Wata uku kacal, har ta gano kakarta guba ta riƙa ba mu."

Kowa ya kwashe da dariya, har limamin coci. Tun daga ranar ban ƙara jin sunana a bakinsa ba. Farfesa, zo ki ci. Farfesa, miƙo gishiri.

Washegari suna coci na hau sama da buta uku na tafasasshen ruwa. Gangar da aka ware mini ita ce ta Kaka ta asali. Na juye irin a bokiti, na wanke ta fes, na sauko na zubar da shi a kwatar tsakar gida. Na sa yis ɗin makaranta, na cika ta da hannuna. Da yamma Baba ya zo ya toshe, ya shafa kaina da hannunsa duk siminti. A raina na ce, bari ranar ta zo, ka sha, ka yaba, sannan in gaya maka wa ya yi. Ai akwai sauran ganguna uku masu iri ɗaya. Me zai faru?

Bayan shekara uku ƙanƙara ta karya azarar rufin. Lokacin Baba yana jinyar Mama a asibiti a Siena, kwana tara. Da suka dawo, ganguna ukun sun fashe, irinsu ya cakuɗe da ɓaraguzai da ruwan ƙanƙara. Tawa kaɗai ta tsira a lungun taga. Baba ya rungume ta, ya ce, "Duk gadonmu yana cikin nan." Ya sayi sababbin ganguna uku ya jera su babu komai a ciki, suna jiran irin da zai ɗebo ranar da aka zo neman aurena.

Shekara biyar suna jira. Ni kuma shekara biyar ina gudun duk namijin da ya fara maganar ganin iyayena. Kun gane yanzu?

Mota ba ta shiga cikin gari, don haka muka ajiye ta a ƙasa muka hau da ƙafa. Sinyora Delfina tana haki tana yabon gine-gine, ni ina ƙoƙarin kada tsinin takalmina ya maƙale. Baba yana tsaye a ƙofar gida cikin farar rigarsa, gajere, mai faɗin ƙirji, askin ya sa wuyansa ya fito fari.

"Ashe Farfesa ta tuna hanyar gida," ya ce yana miƙo mini kumatu.

"Waya ce ta nuna mini, Baba."

"Ai dole." Ya kalli ƙafata. "Da wannan kika hau tsaunin? Karatu bai zo nan ba tukuna."

Sai ya kama hannun Leandro da hannu biyu ya riƙe, ya daɗe bai saki ba, kamar mutanen da suka riga suka san juna.

Mama ta cika teburi: gasasshen burodi da tafarnuwa da sabon man zaitun mai ƙaiƙayin maƙogwaro, cukun tumaki da zuma, sai taliyarta mai kauri da take murzawa ɗaya ɗaya a tafin hannu, da miyar agwagwa. Sinyora Delfina ta gutsiri burodi, ta tauna, ta ɗan karkata kai.

"Sinyora Mirella, kamar an manta gishiri a burodin ko?"

Mama ta sandare da ludayi a hannu. Burodin yankinmu dama can ba a sa masa gishiri.

"Gaskiyarki, Sinyora," Baba ya ce. "Shekara ɗari biyar ke nan muna mantawa. Kullum sai mu ce gobe."

Leandro ya ƙware da dariya, uwarsa ta yi ja har wuya, amma ba ta karaya ba. Da aka kawo biskit ɗin almon ta ce, "Leandro ya ce babu giyar zaƙi irin ta gidanku a duk yankin nan. Ko za a ɗan sammana?"

"Babu ko ɗigo." Baba ya jingina da kujera. "Shekara biyar ina tsoma biskit a ta maƙwabta kamar marar gata. Ganga ɗaya ta rage, ita kuma wata ce ta zaune mata a kai." Bai kalle ni ba, Leandro ya kalla. "Amma gobe kafin abincin rana, in Allah ya kai mu, za mu hau sama."

Na ajiye biskit ɗin da ke hannuna.

Da la'asar na ja Leandro zuwa kan ganuwa, can inda ake hango gonakin inabi sun yi ja da ruwan ɗorawa har ƙarshen ido. Masu yawon buɗe ido suna ta ɗaukar hoto. Na jira suka wuce.

"Ashe ka kira shi," na ce.

"Otta…"

"Ka kira ubana a bayan idona."

"Haka ake yi ai! Da wa zan kira, direban bas?" Ya ciro wani ƙaramin akwatin zobe shuɗi daga aljihun kwat, bai buɗe ba. "Wata biyu yana yawo a jikina. Na gaji da mura, na gaji da gyaran gida. In wani ne, ki faɗa mini yanzu, in ɗauki uwata in koma."

Sai na faɗa masa. Buta uku, bokiti, kwata, komai. Da farko ya fara dariya, sai ya ga fuskata, dariyar ta mutu.

"To… mu sayo wata giyar mai kyau, a san yadda za a…"

"Ba giyar yake so ba, Leandro. Lakar yake so. Ina za ka sayo lakar shekara ɗari? A kanti?"

"Ya Ubangiji." Ya shafa fuskarsa. "Amma ke ma, Otta. Tafasasshen ruwa?"

"Kada ka fara. Shekarata goma sha tara."

"Yanzu fa? Nawa ce?"

Na share tambayar. Na ce, "Mu ɗaga maganar. Ka ce masa ba ka shirya ba. In ba a tambaya ba, ba za a buɗe ba."

"Har yaushe?"

Na juya ina kallon gonakin.

"Har yaushe, Ottavia?" Ya matso, muryarsa ta yi ƙasa. "Har ya mutu kike nufi?"

Masu karatu, da mari ya ɗauke ni da shi da ya fi mini sauƙi. Domin abin da nake nufi ke nan. Ban taɓa furta shi ko a zuciyata ba, amma shi ne lissafin da nake yi shekara biyar: Baba yana da saba'in da ɗaya, ganga ba ta magana.

Leandro ya mayar da akwatin aljihu. "Ki ji ni da kyau. Ba zan tona ki ba, ba maganata ba ce. Amma gobe zan tambaya. In kin ce a'a, gangarki ta zauna lafiya, ni kuma ba za ki ƙara ganina ba. Mutumin nan da hannunsa ya zuba mini taliya yau. Ba zan zauna ina jiran jana'izarsa kafin in aure ki ba."

Ya juya ya sauka. Ban kira shi ba. Ni ba na kiran namiji in ya juya mini baya, ko da zuciyata za ta fashe. Kuma ta kusa.

Ranar Lahadi na yi sammako zuwa gidanmu don in riga kowa shiga kicin, amma Mama ta riga ni. Gari har gwiwar hannu, tana murza taliya.

"Wannan baƙin wandon za ki sake sakawa? Makoki aka yi?"

"Mama."

"Jar rigarki tana kan gado, na goge. Zo nan." Ta share hannu a zanin gabanta, ta ciro wasu 'yan kunne na zinariya daga aljihu. Na Kaka Assunta ne. Ta saka mini da kanta, yatsunta suna warin gari da tafarnuwa. "Kada ki kunyata shi yau, kin ji? Ba ki ga hannunsa ba? Rawa yake. Bara da ƙyar ya riƙe almakashin inabi. Amma bana, tun da yaron nan ya bugo waya, ya rataye inabi har layi tara. Shi kaɗai, a kan tsani."

"Idan na ce a'a fa?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "To sai in murza ki tare da taliyar nan. Tafi ki canza kaya."

Na saka jar rigar. 'Yan kunnen suka yi mini nauyi kamar duwatsu.

Ƙararrawar coci tana buga sha biyu muka hau, ɗaya bayan ɗaya, har Sinyora Delfina da ta tuɓe takalminta ta riƙe a hannu. Ɗakin saman yana nan yadda na san shi: zafin rufi, ƙamshin zuma da ƙura, inabi a rataye layi layi har yana taɓa kai, rina suna kewaya shi. Ga sababbin gangunan nan uku a jere, bakinsu a buɗe. Ga tawa a lungun taga. An sake bin sunana da sabon alli.

Mama ta jera ƙananan kofuna biyar a kan tire. Baba ya ɗauki guduma.

Leandro ya gyara kwat, ya yi gyaran murya. Ko sau ɗaya bai kalle ni ba tun jiya.

"Sinyor Ermete, na zo neman auren 'yarka."

"Ni nawa guduma ce, yaro," Baba ya ce yana murmushi. "Ga mai amsar nan. Ka tambaye ta da kyau, tana da digiri biyu."

Leandro ya juyo, ya buɗe akwatin. Kalma ɗaya ce tsakanina da tsira. In na ce a'a, Mama za ta yi kuka, Baba zai yi fushi na wata ɗaya, ganga ta ci gaba da barcinta. Na kalli hannun Baba a kan gudumar. Na kalli layi taran inabin.

"Eh," na ce.

Mama ta saki ƙara, tiren ya yi kacau. Baba ya ɗaga guduma.

"Baba, dakata."

"Me kuma? Za ki karanto mana yadda ake fasa siminti?"

"Babu iri a ciki."

Gudumar ta tsaya a sama.

Ban yi kuka ba, ina so ku san wannan. Na tsaya a miƙe cikin jar rigata, na faɗa masa yadda na faɗa wa Leandro, ban rage ko buta ɗaya ba. Mama ta ajiye tire a ƙasa, ta zauna a kan ɗaya daga cikin gangunan da babu komai, ta dafe ƙirji.

Baba ya sauke hannunsa a hankali.

"Wace kwatar?"

"Ta tsakar gida."

"Inda nake wanke takalmina."

"Eh."

"Ranar da muka dawo muka tarar rufi ya faɗi, da na bugo miki waya ina kuka, na ce Allah ya bar mana taki… kin sani."

"Na sani."

"Kika ce mini, 'Mun gode Allah, Baba.'"

Na mayar da idona kan gangar.

Sinyora Delfina ta buɗe baki za ta yi magana, Leandro ya damƙe mata hannu. Baba ya juya gudumar, ya miƙo mini ita ta ƙota.

"Ba tawa ba ce. Mai ita ta buɗe."

Sau huɗu na buga kafin simintin ya tsage. Na zare toshiyar, ƙamshi ya taso, na busasshen ɓaure da zuma da ɓawon lemo. Na zura bututun gilashi na ɗebo, na cika kofunan. Launinta kamar na zuma a rana. Na kurɓa. Ba zan yi muku ƙarya don in nuna tawali'u ba: giyar ta yi kyau. Ta yi kyau ƙwarai. Shekara takwas nake mafarkin wannan kurɓin, kuma da ya zo, ji na yi kamar ruwan wanki nake haɗiya.

"Kai, amma wannan ta yi daɗi!" Sinyora Delfina ta ce da ƙarfi.

Baba ya karɓi kofinsa. Ya kai hanci, ya daɗe yana shaƙa idonsa a rufe. Sai ya ajiye shi a bakin taga, bai sha ba. Ya zaro wani dogon kara daga cikin waɗanda ake rataye inabi, ya zura shi cikin gangar har gindi, ya juya, ya ciro. Ƙarshen karan ya fito da laka ruwan ƙasa, tsawon gaɓar yatsa. Ya murza ta a yatsunsa.

"Shekara takwas," ya ce. "Jaririya. Ta uwata ta haura ɗari da goma."

Ya share yatsunsa a farar rigar Ista, ya dubi Leandro. "Na ba ka. Ka dai ji da kunnenka abin da take iya yi da buta uku. Ka ɓoye butocin gidanka."

Ya sauka tsanin. Ni bai ce mini komai ba.

Abincin rana ba a magana. Kujerar Baba babu kowa. Mama tana zuba wa baƙi, ta tsallake farantina sau biyu kafin ta dungurar mini da kwanon in zuba da kaina. Zoben yana yatsana, ban ma san lokacin da Leandro ya saka ba. A ƙarƙashin teburi ya kama hannuna, na bar shi.

Na sami Baba a tsakar gida, zaune a kan bokitin da ya kife, yana kallon kwatar. Na tsaya a kansa.

"Ba zan ce ban san abin da nake yi ba," na ce. "Na sani. Ka yi mini dariya a gaban mutane, ni kuma na so in rama."

"Na yi," ya ce, bai ɗago ba.

Na jira ya ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Ashe a wurinsa na gaji taurin kan.

Na cire 'yan kunnen Kaka, na durƙusa a kan duwatsun da jar rigata, na ajiye su a gwiwarsa.

"Ka yafe mini, Baba."

Ya ɗauki 'yan kunnen ya sa a aljihun riga. "Baƙinki suna jira. Hanyar Torino da nisa."

Haka muka sauko tsaunin. Mama ta cusa wa Sinyora Delfina kwalbar man zaitun da burodi marar gishiri guda biyu, ni ko kumatu ba ta ba ni ba. A mota ba wanda ya yi fito. Na jingina kaina da gilashi ina kallon Montarso tana ƙanƙancewa a kan dutsenta, ina gaya wa kaina na samu miji na rasa uba, kuma ni na zaɓa, ba wanda ya sa ni. Sinyora Delfina ta juyo ta miƙo mini hankicinta mai turare. Na karɓa. Ban yi amfani da shi ba, amma na karɓa.

Mun kusa Firenze wayata ta yi rawa. Mama. Hoto ne: bakin tagar ɗakin sama, da ƙaramin kofin nan a inda ya ajiye shi. Babu komai a ciki.

*Ya ce rina ne suka shanye.*

Sai wani: *Rinan har sun zuba na biyu.*

Ina cikin kallon hoton wani saƙon ya shigo, daga lambar da ba ta taɓa rubuto mini ko harafi ɗaya ba. Baba ba ya rubuta saƙo, cewa yake waya ta magana ce. Duk manyan baƙi ne, babu aya, na san da yatsa ɗaya mai rawa ya buga shi.

*OTTAVIA SHA BIYU GA DISAMBA ZA A MATSE GANGUNA UKU NI BA ZAN TABA BA KE KIKA ZUBAR DA IRI KE ZA KI YI RAINON SABO KI BAR WANNAN TAKALMIN A TORINO*

"Lafiya?" Leandro ya ce yana kallona ta madubi. "Me ya faru? Otta?"

Ban ma kai ƙarshen saƙon ba sai a karo na uku, domin duk na fara, a kalmar farko nake tsayawa. A nan ne hankicin Sinyora Delfina ya yi amfani.